Makullin da Na Fizge a Hannun Kawu

Yaya ta tokare ƙofar da hannu ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Yaya, gaisuwa na zo."

"Gaisuwar wa? Kai ne za ka yi mana gaisuwa?"

Ƙarfe goma ne na safiyar Laraba, a ƙofar gidanta da ke unguwar Perry Barr a Birmingham. Tun bakwai da rabi na baro Manchester a van ɗin wajen aikina, ko manaja ban gaya wa ba. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi, a kujerar falon nan da nake hangowa ta saman kafaɗarta. Yaya ita ce babbar 'yarsa, likita ce, kuma tunda nake ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ran nan ma ba ta ɗaga ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi.

Takalma sun cika lungun shiga har sun zubo waje. Falon cike yake da maza. Na ga ladanin masallacinmu na unguwar Gorton a Manchester, tsohon da aka yi komai a kan idonsa. Muna haɗa ido ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbi. Na ga wani Bature mai furfura, abokin aikin Kawu na da, ya takure a kan kafet, ƙafafunsa sun ƙi naɗuwa, ga kofin shayi a hannu bai sha ba. Wani yana cewa Kawu bai taɓa faɗa da kowa ba. Wani ya ce ai waliyyi ne. Sai 'yar Yaya ta leƙo ta ƙarƙashin hannun uwarta, ta ce da Turancinsu na Birmingham, "Mum, is that him?"

Duk falon suka waiwayo.

Umma tana kicin da mata. Na ji muryarta ta tsaya cak, amma ba ta fito ba. Sati uku ke nan rabon da ta yi min magana.

"Wa ya aiko ka?" in ji Yaya. "Abbanka?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To koma inda ka fito. Sha ɗaya da rabi za a yi masa wanka, ana idar da azahar a sallace shi, maƙabarta sun ba mu biyu da rabi. Ba ni da lokacinka yau."

Ban tafi ba. A aljihun jaket ɗina na dama akwai makulli ɗaya a jikin igiya. A na hagu akwai hular Kawu.

Ni ba marubuci ba ne, ko makarantar ban ƙarasa ba. Abin da ya sa nake rubuta wannan, an fara gyara labarin a group ɗin waya na ƙungiyarmu ta Hausawan Manchester. Ana cewa "wasu yara ne suka yi masa rashin kunya". Ba wasu yara ba ne. Mu huɗu ne, kuma ni na tuƙa motar. Ana kuma cewa bai iya faɗa ba. Wallahi ya iya. In za a tuna da shi, a tuna da shi yadda yake.

Kawu direban babbar bas ne, irin wadda makarantu suke haya a kai yara yawon buɗe ido. Ya yi shekaru yana wannan aikin kafin ya ajiye. Ko ina za shi da flas ɗinsa na shayi mai citta da kanumfari, kuma ba ya fara magana mai muhimmanci sai ka sha. Ka zo masa a guje cewa gida ya kama da wuta, zai ce, "Sha tukuna." Sannan yana da tambaya ɗaya da ya ajiye musamman saboda ni. Duk sanda na faɗo gidansa ina haki, da wata sabuwar rigima ko sabuwar dabara, sai ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Wa ya aike ka?" Tun ina ɗan shekara sha ɗaya, sabon zuwa daga Kano, nake jin tambayar nan. Na ɗauka tsokana ce.

Ina shekara sha shida aka kore ni daga makaranta. Wani babban abokina ne ya zauna yana ƙorafi cewa wani yaro ya raina shi, ya ce da yana da abokan kirki da tuni an koya wa yaron hankali. Ana tashi na samu yaron a bakin get na fasa masa hanci. Da aka kira abokin nawa ofis, cewa ya yi shi bai sa kowa ba.

Abba ya ƙi kallona. Asabar ɗin satin Kawu ya zo da 'yar motarsa ya ce in shiga. Wajen awa biyar muna tafiya kudu, na ɗauka bakin teku zai kai ni. Ashe Canterbury za mu. Ya kai yaran makaranta can sau ba adadi, yana tsaye a baya yana jin mai bayani, har ya haddace labarin ya mayar da shi Hausa.

Ganin ƙaton cocin na ja baya. "Kawu, coci fa?"

"Ba salla na kawo ka ba. Wuce."

Ya kai ni wani lungu a ciki, dutse a ƙasa, an rataya wasu ƙarafa masu siffar takubba a bango. Ya rage murya.

"Shekara ɗari takwas da wani abu da suka wuce, akwai wani sarki da abokinsa. Tare suke farauta, tare suke cin abinci, shi ne kamar wazirinsa. Sai babban limamin cocin ƙasar ya mutu, Akbishop suke ce wa mai kujerar. Sarki ya ce bari in ɗora nawa in huta da rigimar malaman coci. Ya ɗora abokin. Mutumin nan yana sa rigar ya zama wani daban. Sarki ya ce a yi kaza, ya ce a'a, wannan ba hurumin sarki ba ne. Har ƙasar ya bari na wasu shekaru, ya dawo bai canja ba. Shi ma fa akwai taurin kai, kar ka ji ana cewa waliyyi."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai wata rana sarki ya fusata a gaban fadawansa. Ba a san ainihin yadda ya faɗe ta ba, amma ma'anar ita ce yana ciyar da mutane, an rasa mai raba shi da mutumin nan. Barade huɗu suka ji. Ba su tambaya ba, suka ɗau takubba suka taho. Da yamma ne, lokacin addu'arsu. Masu hidimar cocin suka so su danne ƙofa, ya ce a buɗe, ba a kulle ɗakin ibada don tsoron mutum. Nan inda kake tsaye suka sare shi."

Na matsa gefe ban sani ba.

"To kai wane ne a labarin nan?"

Na ce ni ne limamin, ba na tsoron kowa. Ya yi dariya har wata Baturiya ta waiwayo.

"Kai? Kai cikin huɗun nan kake. Sarki daga baya ya zo nan a ƙasa ba takalmi, ya tuɓe riga aka yi masa bulala, ya ci gaba da sarautarsa. Limami ya samu suna har yau. Su huɗun fa? Sarkin ma cewa ya yi bai aike su ba. In za ka yi abu, ka san wa ya aike ka."

Mun sha shayi a mota. Na yi fushi har muka dawo Manchester.

Da na zauna ba makaranta ba aiki, shi ya ja ni jikinsa. Ƙungiyarmu tana da ɗan masallaci a Gorton, a saman wani tsohon shagon kafet, a ƙasa ta baya kuma akwai ɗakin wankan gawa. Kawu ne mai wankan. Ya ce hannuna ba ya zama wuri ɗaya, to in zo in riƙe buta. Ranar farko na fita na yi amai. Ya jira ni na dawo, ya miƙo min butar.

Da gwiwar hannu yake gwada ruwan, kamar za a yi wa jariri wanka. Garin magarya yana cikin wani tsohon gwangwanin madara, daga gida ake kawo masa. Kuma magana yake wa mamaci. "Sannu Alhaji, za mu juya ka dama." "Yi haƙuri, saura kaɗan." Dokarsa ɗaya ce: abin da ka gani a jikin mamaci amana ce, a ɗakin nan za ka bar shi. Ko uwarka ce ta tambaya, ba ka gani ba. Na yi shekara uku ina zuba masa ruwa. Makullin ɗakin yana jikin igiya, kullum a naɗe a hannunsa na dama kamar carbi.

Shi da Abba kuwa, abokai ne tun suna samari a Kano. Ta dalilin abotar Abba ya auri Umma. Abba injiniya ne, shi ya sha zirga-zirgar hukumar gari har aka ba da izinin masallacin, kuma shi ne shugaban ƙungiya tun kafa ta. Kawu yake tsokanarsa da "Sarki", har sunan ya bi shi. Shi kuma Abba ya ji labarin Canterbury ya gaji, sai ya rama da "Akbishop". Da limaminmu na farko ya koma gida, Abba ya ce ba wanda zai ja salla sai Kawu. A falonmu aka yi maganar, ina kwance a doguwar kujera.

Kawu ya ce, "Sarki, ka san labarin nan fa. In ka ɗora ni, ka rasa abokin hira."

Abba ya yi dariya. "Ni ina na ga barade? Wa zan aika, wannan?" Ya nuna ni da cokali.

Duk suka yi dariya. Ni ma na yi. Amma ban manta ba.

Rigimar a kan wani bakanike ɗan Kaduna ta taso. Shekarun baya ya zagi Abba a tsakiyar taro, ya ce sarki ne ba ƙasa, ya fice daga ƙungiya. Matarsa Kirista ce, 'ya'yansu a nan aka haife su, Hausa ma ba sa ji. Da ya rasu, matar ta kira ta ce ya bar wasiyya a binne shi yadda aka binne ubansa. Abba ya ce ba ruwan ƙungiya: ba sanarwa, ba ɗakin wanka. Ya ce shekara nawa ba wanda ya gan shi a sahu.

Kawu ya ce, "Ya taɓa ce maka ya bar Musulunci?"

"Ni ne shugaba."

"Na masu rai."

Kawu ya kira ni sau huɗu ran nan in zo in riƙe buta. Ina kallon wayar tana ƙara, ban ɗauka ba, don a gidan Abba nake kwana. Da ɗan mamacin ya yi wankan, saurayin da ko Fatiha bai iya ba, yana nuna masa da hannu.

Da a nan ya tsaya da ƙila an shirya. Amma Kawu ne. Ranar Juma'a bayan an idar, ya juyo ya fuskanci jama'a ya ce gawa ba ta ƙungiya ba ce, kuma ranar da za a shigo da shugaba ɗakin nan ba za a tambayi wa ya zage shi ba. Yana faɗa yana kallon Abba a sahun gaba. Zai iya gaya masa a mota. Zai iya gaya masa a kan shayi. A gaban kowa ya zaɓa. Abba ya aika a karɓo makullin har sau biyu, Kawu ya ce mai so ya zo da kansa. Wata biyu ba sa gaisawa. Umma ta rame a tsakaninsu.

Sai ranar sunan jaririn wani ɗan ƙungiya, a wani flat a unguwar Whalley Range. An ci shinkafa, an ci rago, wani ya tsokano maganar. Abba ya ajiye cokali.

"Ina da 'ya'ya a garin nan, ina da 'ya'yan 'yan'uwa. Sai ci. Kalle su. A ce duk cikinsu an rasa mai karɓo min makulli ɗaya a hannun tsoho?"

Ƙannena biyu suna jami'a, ba sa wurin. Ni ne a wurin, da faranti a cinya. Ban ce ni yake kallo ba, amma ni na ji. Ɗan baffana ya taɓo ƙafata. Muka tashi, abokansa biyu suka biyo mu. Ba wanda ya ce mu je. Ba wanda kuma ya ce mu zauna.

A hanya ɗan baffana yana ta cewa yau za a san akwai maza. Ni abu ɗaya nake gani: ina ajiye makullin a gaban Abba, mutane suna kallo, yana cewa wannan nawa ne.

Mun isa Gorton ana shirin la'asar. Wani daga wajen sunan ya riga ya kira ladan. Mun tarar da ƙofar ƙasa a rufe, muna jin ladan daga ciki yana cewa a saka sakata, a kira 'yan sanda. Ɗan baffana ya fara dukan ƙofar da ƙafa. Sai na ji muryar Kawu daga saman bene.

"Malam, buɗe. Masallaci ne. Ba a rufe shi lokacin salla."

Ban san ko ya tuna da labarinsa a lokacin ba. Ni dai ban tuna ba, sai daga baya.

Ladan ya ƙi. Kawu ya sauko da kansa ya zare sakatar, ya koma ya tsaya a matakala ta uku, hannayensa da danshin alwala. Bai kalli sauran ba. Ni ya kalla ta saman tabarau.

"Wa ya aike ka?"

"Abba."

"Ya kira sunanka ya ce je ka?"

"Kawu, ba ni makullin."

"Ku hau mu yi salla. Akwai shayi a flas. In an idar sai mu yi magana."

Ɗan baffana ya ce daga bayana, "Kai, tsoho yana mayar da kai yaro!"

Na hau mataki biyu na kama makullin. Igiyar tana naɗe a hannunsa. Ya ce, "Bari in kwance." Ban bari ba. Na fizga.

Igiyar ta yanke shi a tafin hannu kafin ta zame. Ya yi baya ya zauna daɓas a kan matakala, hularsa ta faɗo ta gangaro har gaban takalmina. Jini ya fara ɗiga a kan farar rigarsa. Bai yi ƙara ba. Ya duba hannun ya ce, "Ka karya min alwala ko ba ka karya ba, sai na tambayi malamai." Wai wasa yake, amma numfashinsa sama-sama yake fita. Sauran ukun tuni sun kai mota. Na sunkuya na ɗauki hular don in miƙa masa, ladan ya daka min tsawa, na fita da ita a hannu.

Na koma Whalley Range na ajiye makullin a kan tebur gaban Abba. Akwai jini a igiyar. Kowa ya gani. Abba ya ja kujerarsa baya kamar na ajiye masa maciji.

"Mene ne wannan?"

"Ka ce a karɓo."

"Ni na aike ka? Na kira sunanka? Jama'a, kun ji na aike shi?"

Ba wanda ya amsa. Ya ce in ɗauke abina. Na ɗauke. Tun ran nan yake aljihuna, ɗakin wankan kuma yana kulle.

Washegari Yaya ta zo ta tafi da Kawu Birmingham. Sati uku ya yi a can. Na rubuta masa saƙo ya fi sau goma, ina gogewa. Da ya rasu Yaya ta ce zuciyarsa ce, kuma likitansa ya daɗe yana gargaɗi. Ita likita ce, ta fi ni sani. Amma ko ita ba ta ce min ba ruwan abin da na yi ba, ni kuma ban tambaya ba.

To wannan ne mutumin da ke tsaye a ƙofarta ran Laraba.

Ta fara tura ƙofar za ta rufe, sai aka ce daga ciki, "Bar shi."

Inna ce, matar Kawu. Ta fito daga ɗaki cikin farin mayafi, idonta a kumbure. Maza suka janye ƙafafu ta wuce. Na durƙusa a kan tabarmar goge ƙafa.

"Inna, ya haƙuri?"

Ba ta amsa gaisuwar ba. "Ka ci abinci?"

"A'a."

"Za ka iya tsayuwa awa ɗaya?"

Ban gane ba. Yaya ta gane. "Inna, wallahi a'a. Ba zai taɓa shi ba."

"Ranar Lahadi ya gaya min, kina asibiti. Ya ce ladan ya yi wankan, ɗan ƙanwata ya zuba ruwa. Na ce wanda ya yanke ka? Ya ce shi kaɗai ya san ɗumin da nake so. Ya ce in bai zo ba kada a kira shi. In ya zo da ƙafarsa, kada a rufe masa ƙofa."

"Inna..."

"Ubanki ne, amma wasiyyarsa ce." Ta juyo kaina. "Kada ka ɗauka na yafe. Ban kai nan ba tukuna. Saƙo aka ba ni, na isar."

Yaya ta sauke hannunta daga ƙofar. Ba ta matsa ba, sai da na raɓa ta gefe. Umma ta fito daga kicin ta ɗora min gwangwanin magaryar a hannu, ta koma.

A wani masallaci na nan Birmingham aka yi wankan, su ma suna da ɗaki a baya. Ni da ladan da mijin Yaya. Da aka buɗe fuskarsa sai na dafa bango. Ladan ya ce, "In ba za ka iya ba ka fita, lokaci yana tafiya." Na tara ruwa na sa gwiwar hannu. Ya yi zafi. Na surka, na sake gwadawa. Na zuba magarya.

Ladan yana wanki ina zubawa, shiru, sai ƙarar ruwa a kan ƙarfe. Shirun ya dame ni, don ba haka ake yi a ɗakin Kawu ba. Da za a juya shi sai na ji bakina ya ce, "Sannu Kawu, za mu juya ka dama." Ladan ya tsaya. Ya kalle ni, ya goge ido da kafaɗa, ya ci gaba.

Da aka zo alwala ya ɗago hannun daman, ya daɗe yana riƙe da shi. Sai ya ce, "Ajiye butar. Kai za ka wanke wannan."

Na wanke shi sau uku, yatsa bayan yatsa. Abin da na gani a tafin hannun nan amana ce, a ɗakin na bar shi. Abin da na gaya masa kuma tsakanina da shi ne.

An sallace shi bayan azahar. Sahu ya fita har waje. Ɗan bakaniken nan ya zo da mahaifiyarsa tun daga Manchester. Ita ta tsaya daga nesa, shi ya shiga cikin masu ɗaukar makara. Baturen nan mai furfura ya bi mu har bakin kabari. Ɗan baffana bai zo ba. Abba ma bai zo ba. Umma ta gaya wa mata wai ba shi da lafiya, amma ƙanina ya ce tun Talata Abba yana ɗaki a zaune, ko abinci ya ƙi.

Mun shiga maƙabarta biyu da kwata. Na zuba ƙasa da hannuna. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa, ya sa ruwan da ya zuba wa bayin Allah ya zama sanyi a kabarinsa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In da saura, ya sa da ni.

A bakin get na miƙa wa ladan makullin. Ya ce shi ba zai karɓa ba, ba shi ya ba da ba, ba shi ya ƙwace ba. Hular kuma na kai wa Inna. Ta karɓa ta shinshina, ta ce in gaya wa mahaifina abin da zan gaya masa. Na shiga van na zauna, ban tayar ba. Sau ɗaya na rubuta saƙon, ban goge komai ba. Ya nuna ya karanta. Har yanzu bai amsa ba.

"Abba, mun binne Kawu. Ni na zuba masa ruwa, shi ya ce. Gaskiyarka ne, ba ka aike ni ba, ba ka kira sunana ba. Hannuna ne ya fizga, wannan nawa ne har gaban Allah. Amma ka faɗa a inda nake ji, wannan kuma naka ne. Makullin yana wajena. Gobe zan buɗe ɗakin, duk wanda aka kawo zan wanke, ko waye. Jibi addu'ar uku a gidan Yaya, ƙarfe goma. Inna ta ce ba za a rufe ƙofa ba. Ba a ce ka zo ba takalmi ba, Abba. Ka zo kawai. Wannan saƙon ma ba wanda ya aike ni."